Yadda Ake Rayar Da Zogale, Yakuwa Da Sauran Shuke-Shuken Gida A Birnin Alƙahira



Akwai wani abu da yake faruwa kusan kowace shekara a gidajen mutanenmu da ke zaune a Alƙahira. Iyali za su dawo daga hutu a watan Satumba ko Oktoba, daidai lokacin komawa makaranta, sai uwargida ta samu 'yan ƙwayoyin zogale ko gurguzun yakuwa ta shuka a bokiti a baranda. Cikin mako biyu abin ya tsiro gwanin sha'awa, yara suna rige-rigen ba shi ruwa. Amma kafin watan Janairu ya ƙare sai ganyen ya yi rawaya ya kakkaɓe, karan ya yi laushi daga gindi ya kwanta. Daga nan sai a yanke hukunci cewa ƙasar Masar ba ta karɓar irin gida, a juye bokitin a bola.

Gaskiyar magana ita ce matsalar daga lokacin shukar take. Mu a gida ruwan sama muke bi, in damina ta sauka a yi shuka. A nan kuwa babu damina, saboda haka abin da mai shuka zai bi shi ne sanyi da zafi da kuma tsawon yini. Wanda ya fahimci waɗannan uku zai iya cin miyar ɗanyar kuɓewa da kwaɗon zogale daga barandarsa tun daga watan Yuni har zuwa Nuwamba.

Bambancin Kano da Alƙahira

Kano tana samun ruwan sama tsakanin milimita 700 zuwa 1,000 gwargwadon shekara, kusan dukkansa daga Yuni zuwa Satumba. Alƙahira kuwa abin da take samu a shekara bai wuce kimanin milimita 25 ba, shi ma yawanci yayyafi ne na lokacin sanyi. Ke nan duk ruwan da shuka za ta sha a nan, hannun mutum ne zai ba ta.

Wani zai ce ai a Kano ma ana sanyi da hunturu, kuma zogale ba ya mutuwa. Haka ne, amma sanyin ba iri ɗaya ba ne. A Kano cikin Janairu dare yakan sauka zuwa wajen digiri 13 a ma'aunin Salshiyas, amma da hantsi ya yi sai rana ta buɗe, zafi ya kai wajen digiri 30, ƙasa ta ɗumama. A Alƙahira cikin Janairu dare yakan tsaya wajen digiri 9, da rana kuma da ƙyar ake wuce 19, haka za a yi ta tafiya makonni a jere. Unguwannin da aka gina cikin hamada, irin su Sitta Oktoba da Tajammu'ul Khamis da Ubur, sun fi tsakiyar gari sanyin dare. Waɗanda suke nan a ranar 13 ga Disamba, 2013, ba za su manta da dusar ƙanƙarar da ta sauka a unguwannin gabashin birnin ba.

Shuke-shuken ƙasashe masu zafi ba sai ƙanƙara ta sauka suke jin jiki ba. Da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10 zuwa 12 ya daɗe a haka, sai saiwarsu ta daina jan ruwa yadda ya kamata. Mai shuka yana ganin ganye ya yi yaushi sai ya zaci ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. Ruwan ya kwanta a gindin tukunya cikin sanyi, saiwa ta ruɓe. Yawancin zogalen da ke mutuwa a barandojinmu cikin Janairu, yawan ruwa ne ke ƙarasa shi.

Abu na biyu shi ne tsawon yini. Kano ta fi kusa da tsakiyar duniya, shi ya sa yini da dare ba sa nisa da juna: yini mafi tsawo bai kai awa 13 ba, mafi gajarta kuma ya haura awa 11. A Alƙahira yinin ƙarshen Yuni yakan kai awa 14, na Disamba kuma ya dawo wajen awa 10. Manomanmu sun daɗe da sanin cewa akwai wake da dawa waɗanda ko yaushe aka shuka su, ba sa fure sai kaka ta kawo jiki. Dalilin shi ne suna jiran yini ya gajarta. Yakuwa da rama da wasu nau'o'in kuɓewar gida duk haka suke. A nan sai su yi ta tsawo da ganye duk tsawon lokacin zafi, ba za a ga fure ba sai ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba. Ga mai son ganye wannan riba ce, ga mai son zoɓo kuwa sai ya yi haƙuri.

Ba mu ne farau ba

Masarawa sun daɗe suna wannan aiki na zaunar da baƙin shuke-shuke. Mangwaron da muke saye da bazara a kowace kasuwa, wanda Isma'iliyya ta yi suna a kansa, baƙo ne: a zamanin Muhammadu Ali Basha, wajen shekarar 1825, aka fara dasa shi a Masar daga yankin Indiya. Jikansa Khidiwi Isma'il ya kafa lambun Orman a Giza a 1875, aka tara masa itatuwa daga ƙasashe daban-daban. A can aka daɗe ana yin baje kolin furanni na kowace bazara, kafin a rufe lambun domin gyara a 2023, baje kolin na 2024 ya gudana a Gidan Tarihin Aikin Gona da ke Duƙƙi. Har yau masu gonakin mangwaro suna rufe ƙananan dashe da ganyen dabino ko ciyawa a shekarunsu na farko har sanyi ya wuce. Dabarar ke nan da mu ma za mu ara.

Hausawa na cewa in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi ka ɗaura. Manomin Masar har gobe da watannin Ƙibɗawa yake lissafin gonarsa. Kiyahk yana kamawa wajen 10 ga Disamba, Ɗuba wajen 9 ga Janairu, shi ne watan da ya yi ƙaurin suna wajen sanyi. Amshir yana kamawa wajen 8 ga Fabrairu, watan iska da ƙura, sai Baramhat wajen 10 ga Maris, lokacin da ƙasa ke fara ɗumi. A taƙaice dai, daga Kiyahk zuwa ƙarshen Amshir lokacin kare shuka ne, daga Baramhat ake fara maganar sabuwar shuka.

Yaushe za a shuka me

Tsakiyar Fabrairu: a rena attarugu da tattasai da gauta a ƙananan kofuna a cikin ɗaki, kusa da taga mai samun rana. Attarugu yana da nawa, yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ya tsiro, kuma yana son ɗumin da ya kai digiri 25 zuwa 30.

Ƙarshen Maris zuwa Afrilu: a fitar da dashen waje, a shuka kuɓewa da lalo da alayyahu. Kuɓewa ba ta tsirowa da kyau sai ƙasa ta haura digiri 20.

Afrilu zuwa Mayu: zogale, yakuwa, rama, kuka da gwanda. Wanda ba ya son lissafi sai ya riƙe ranar Shammun Nasim, wadda take faɗowa cikin Afrilu ko farkon Mayu. Daga wannan rana duk abin da aka shuka na gida zai kama.

Oktoba zuwa Nuwamba: wannan shi ne daidai da noman ranin da muka sani a gida. Latas, karas, albasa, tafarnuwa, kabeji da na'ana'a duk suna son sanyin Alƙahira. Saboda haka mai dawowa daga hutu a Oktoba sai ya cika bokitansa da waɗannan, ya adana irin zogalensa a kwalba a busasshen wuri har Afrilu.

Kowace shuka da halinta

Lalo da kuɓewa su ne mafi sauƙi, domin 'yan gida ne a Masar. Lalo shi ne mulukhiyya, kuɓewa kuma bamiya. Ana fara yankan lalo bayan kwana 40 zuwa 50, kuma yakan sake tofowa. Kuɓewar Masar takan fara 'ya'ya cikin kimanin wata biyu ba tare da jiran kaka ba, don haka ta fi irin gida sauri a nan.

Yakuwa ita ce karkade, ana noma ta sosai a kudancin Masar, wajejen Aswan da Luksor da Ƙina, inda ake shukawa a Afrilu ko Mayu a tsinke daga Oktoba zuwa Nuwamba. A baranda ana iya tsinkar ganyenta domin fate da miyar taushe tun tana wata ɗaya da rabi. Mai neman zoɓo ya ware gindi biyu ko uku ya rage fige su daga watan Agusta, ya kuma ajiye su inda fitilar baranda ko ta titi ba ta haska su da dare, domin hasken yana sa su ɗauka yini bai gajarta ba, fure ya makara har sanyi ya riske shi. Ana tsinkar zoɓon kimanin mako uku bayan furen ya faɗi.

Zogale, wanda mutanen Maraɗi ke kira tamaka, yana da saiwa mai nitsewa kamar karas, saboda haka yana son mazubi mai zurfin santimita 50 zuwa 60, kamar rabin durom na roba ko babbar jarka da aka yanke kai aka huhhuda gindinta. A jiƙa irin ya kwana, a shuka, zai tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu. In ya kai tsawon ƙugun mutum a datse kansa domin ya yi rassa, in ba haka ba zai miƙe kamar gora ya bar ganye can sama. Da sanyi zai zubar da ganye ya zama kamar busasshen kara. Kada a tuge shi. A datse shi, a rage ruwa zuwa sau ɗaya a mako biyu ko uku, cikin Afrilu zai tofo.

Kuka ba za ta yi 'ya'ya a tukunya ba, amma ganye muke nema, kuma masu lambu a Mali da Nijar suna shuka ta a fangali domin ganyenta kawai. Ɓawon ƙwayar yana da tauri, sai a goga gefensa a jikin siminti har ya ɗan yi fari, a jiƙa kwana ɗaya kafin a shuka. Da sanyi ita ma takan tuɓe, kuma a lokacin kusan ba ta bukatar ruwa ko kaɗan. Ganyen da aka tsinka a shanya shi a inuwa domin garin ya fito kore.

Attarugu yakan yi shekara biyu ko uku in an shigar da shi daga sanyi, kuma a shekara ta biyu ya fi saurin 'ya'ya. Shuwaka da reshe ake dasa ta, yana da kyau a yanki rassa biyu a Oktoba a kafa su a cikin ɗaki, ko da uwar ta waje ba ta kai bazara ba. Gwanda ita ce mafi rauni a cikinsu, ba ta yi sai a jikin bango mai samun rana da ƙasa mai tsane ruwa. Goro kuwa kada a wahalar da kai, itacen kurmi ne mai son laima, busasshiyar iskar Alƙahira ba ta yi masa.

Yadda za a tsallake sanyi

Masu neman haya a Masar sun san kalmomin bahari da ƙibli. Bahari shi ne ɓangaren da ke kallon arewa, inda iska mai sanyi ke shigowa, shi ya sa aka fi son sa da zafi. Ƙibli a bakin Masarawa yana nufin kudu. Da sanyi rana ta kudu take bi, saboda haka daga tsakiyar Nuwamba a kwashe tukwane a tara su wuri guda a jikin bangon da ke kallon kudu. Bangon yana shan rana da yini, ya saki ɗumin da dare. Wanda barandarsa ta bahari ce kaɗai, gara ya shigo da su ɗaki kusa da taga.

A ɗora tukwanen a kan katako domin kada su zauna a kan tayil mai sanyi. A daren da aka yi hasashen tsananin sanyi, a rufe su bayan Magariba da tsohon buhu ko zane, in kuma leda ce a kafa mata sanduna don kada ta taɓa ganye. Da hantsi a buɗe, domin ledar da aka bari a rana tana dafa shuka. Robobin ruwa cikakku da aka jera a tsakanin tukwane su ma suna riƙe ɗumi. Ba a sa taki daga Disamba zuwa Fabrairu. Kafin a ba da ruwa a cusa yatsa cikin ƙasa, in da damshi a bari. In za a bayar, a bayar da hantsi.

Zafi ma yana da nasa

Daga Maris zuwa Mayu ake samun iskar khamasin, mai zafi da ƙura, wadda kan tashi zafi ya haura digiri 40 cikin yini guda, daidai lokacin da dashe ke ƙanana. In an ga alamarta a shayar da su tun da safe, a janye ƙananan tukwane zuwa lungu, bayan ta lafa a wanke ganyen. A Yuli da Agusta zafin rana yakan tsaya wajen digiri 35, a saman bene kuwa ya fi haka. A irin wannan zafi attarugu da tattasai sukan zubar da fure, maganin shi ne a ɗaura musu ragar inuwa wadda ake sayarwa a mashtal, wato wurin renon tsirrai. Baƙar roba tana gasa saiwa, tukunyar ƙasa irin ta maginan Fusɗaɗ ta fi sanyi ko da yake ta fi saurin bushewa. A rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa, a shayar da sassafe, in zafi ya tsananta a ƙara da yamma.

Ƙasa, ruwa da zaman lafiya da mai gida

Baƙar ƙasar bakin Nilu, wadda ake kira ɗami, tana da ƙarfi amma in ita kaɗai aka zuba a tukunya takan dunƙule kamar tubali. A haɗa kashi ɗaya na ɗami, kashi ɗaya na yashi wankakke, da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki. Ƙasar Masar tana da kanwa-kanwa, kuma da yake babu ruwan saman da zai wanke ta, gishiri yakan taru har a ga fari-fari a bakin tukunya, gefen ganye ya ƙone. Sau ɗaya a wata lokacin zafi a kwarara ruwa sosai har ya fita ta ƙasa. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ba shi da gishiri, a tara shi domin wannan. In sabon ganye ya fito rawaya jijiyoyinsa suna kore, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, a nemi abin da ake kira hadid mikhlabi a mashtal.

Lambun saman bene ba sabon abu ba ne a Alƙahira. A farkon shekarun 2000 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta haɗa kai da ma'aikatar gona ta Masar wajen koya wa iyalai shi, a 2011 kuma aka kafa kamfanin Schaduf mai wannan sana'a. Amma yawancinmu haya muke, saboda haka a nemi izinin mai gida, a kuma sanar da bawwab, wato maigadin gidan, kafin a hau da ko buhu ɗaya. Mazubi mai cin lita 50 in ƙasarsa ta jiƙe yakan kai kilo 70 ko fiye. A jera su a gefen bango, kada a tara su a tsakiya, a sa musu faranti a ƙasa, kada kuma a toshe magudanar ruwa. Yoyon da zai sauka a ɗakin maƙwabci yana iya jawo asarar kuɗin ajiya ko ma tashi daga gida. Mai son sauƙin nauyi ya yi amfani da haɗin bitmos da barlayit.

Ina za a samu iri

Shigo da iri ko dashe cikin Masar yana ƙarƙashin dokar aikin gona mai lamba 53 ta shekarar 1966, kuma akwai jami'an killace tsirrai a filin jirgi waɗanda ke da ikon karɓewa. Wannan doka tana da dalili. Tsutsar tumatir da manomanmu ke kira sharon daga Kudancin Amurka ta fito, ta shiga Sifen a 2006, ta iso Masar a 2009, a 2016 kuma ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna. Saboda haka kada a ɓoyo reshe ko ƙasa a jaka, duk abin da aka ɗauko a nuna wa jami'an.

Mafi yawan abin da muke nema ma akwai shi a nan. Irin bamiya da mulukhiyya suna shagunan iri na wajejen Babul Khalƙ da kuma mashtal na unguwa. Shagunan 'yan Sudan da ke Faisal da Ardul Liwa da Ain Shams suna sayar da 'ya'yan kuka, wanda suke kira gongolez, in an jiƙa an sha sai a shuka ƙwallon. Tsamiya ita ce tamar hindi, aya kuma habbul aziz, duk suna wurin masu sayar da kayan ƙamshi da na shayi. Abin da ya yi wuya, kamar alayyahu da attarugu da shuwaka, a tambayi 'yan uwan da suka riga suka shuka. Zai yi kyau duk wanda shukarsa ta yi, ya bar gindi ɗaya ya ƙosa, ya ƙulla irin a takarda ya rubuta suna da shekara, ya zo da shi taron ƙungiya kafin Maris.

Ƙwari

Waɗanda suka fi damun baranda su ne farin ƙuda, darɓa, wani jan gizo-gizo ƙanƙane mai son ƙura da zafi, da kuma wani ƙwaro mai kama da auduga da ke liƙe wa yakuwa da kuɓewa. Rigakafi ya fi magani: a riƙa ɗaga ganye ana duba bayansa sau biyu a mako, a wanke shi da ruwa. In sun bayyana a narka ƙaramin cokali na sabulu a lita ɗaya ta ruwa, ko a yi amfani da man darbejiya, a fesa da yamma. Ganyen da yara za su ci gara a nisanta shi da maganin ƙwari na gona, wanda kuma yake zaune a bakin babban titi ya wanke ganyensa sosai kafin a dafa.

Ga wanda zai fara a bana, shawara ita ce ya fara da kaɗan: bokiti biyu na lalo, biyu na kuɓewa, ɗaya na yakuwa da zogale gindi guda. Ya ba kowane yaro nasa bokitin ya kula da shi, domin da yawa daga cikin 'ya'yanmu da aka haifa a nan sun san miyar kuka a kwano amma ba su taɓa ganin ɗanyen ganyenta ba. Wanda kuma yake da wani busasshen karan zogale a lungun baranda tun bara, kafin ya jefar ya ɗan kankare ɓawon da farce. In ya ga kore a ciki to da ransa, ya bar shi har Afrilu.

Allah Ya ba da sa'a. Wassalam.